Yadda Fuskata Ta Riga Ni Zuwa Bakin Teku

Na sha wuya a ranin nan, kuma ko na so in manta da shi mutanen garinmu ba za su bar ni ba. Injin ban ruwana ya tsaya tun tumatir bai yi fure ba. Na gyara shi, mai ya yi tsada. Na samo man, tsutsa ta faɗa wa tumatirin. Bayana kuwa, in na sunkuya da safe sai na nemi abin dafawa kafin in miƙe. Ina faɗin wannan ne don in kun ji abin da na aikata ku yi mini sassauci. A gajiye nake, kuma ni in na gaji kaina ba ya aiki.

Lambuna a bakin dam yake, nan ƙasar Minjibir, kuma iyakarmu ɗaya da Sale. Sale ɗan kawuna ne, taubashina, tare aka yi mana kaciya, tare muka gudu daga firamare. Tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba mu zagi juna ba, kuma ba wanda ya taɓa riƙe ɗan'uwansa a zuci. To amma a shekarar nan tumatirinsa ya yi shar, nawa kuma kamar an bi shi da wuta, alhali tazarar da ke tsakaninsu yaro ma zai tsallake. Duk safiya in zai wuce sai ya nuna lambuna da haɓa ya ce, "Bawana, yaya mai jiki?" Ina dariya, amma dariyar ba ta kai ciki.

Sai maganar 'yata. Ummi nake ce mata, don sunan mahaifiyata gare ta. Ita kaɗai ce a gidana ta yi karatu mai nisa. Tana kwalejin koyon malanta, aka turo ta firamaren garinmu ta yi koyarwar gwaji. Ƙa'idar abin, za a aiko malami daga kwaleji ya zauna ya ga darasinta ya ba ta maki. In ta ci, ta gama. In ta faɗi, sai ta maimaita shekara, kuma kowa a gidan ya san ba mu da ƙarfin wata shekarar.

Wata rana da yamma ina kishingiɗe a zaure, rediyo a kunnena ana maganar taki, ta zo ta durƙusa ta yi mini wani dogon bayani. Na ji ta ce "Baba", na ji ta ce "lambu", na ji ta ce "bakin teku". Na ce, "To, Allah ya yi albarka." Ta tashi tana murna. (Duk abin da ya biyo baya daga wannan "to" ɗin ya fito. Har yau in na ji na ce wa wani "to" sai gabana ya faɗi.)

Ba a daɗe ba, wata safiya na je ban ruwa, sai na hangi abu ɗaure a gindin bagaruwar da ke ƙarshen lambuna, dab da ruwa. Ɗan akwati ne, bai fi tafin hannuna ba, an naɗe shi da tsumma, an ɗaure shi da igiya ƙasa-ƙasa, daidai gwiwa. A tsakiyarsa akwai wani abu baƙi mai sheƙi kamar idon kifi. Kuma ba ko'ina yake kallo ba, gefen da nake tsayawa in ja tiyo yake kallo.

Ni ba yaro ba ne. Na san abin da ake ɗaurawa a gindin bishiya a naɗe da tsumma, a gonar da amfaninta ke mutuwa, kusa da gonar da amfaninta ba ya mutuwa. Nan take lissafi ya fito mini tsaf. Na ce ashe haka ne, Sale.

Ban taɓa shi da hannu ba, don ba a taɓawa. Ban gaya wa kowa ba, har mai ɗakina, don an ce in ka yi ta yawo da maganar sammu a baki ƙarfi yake ƙarawa. Liman kuwa na san abin da zai ce: camfi ne, in je in sayi maganin feshi. Ni kuma a lokacin ba gaskiya nake nema ba, wanda zan ɗora wa laifi nake nema. Saboda haka na yanke shawarar in yaƙi abin ni kaɗai.

Na tsaya a gabansa na karanta abin da na iya, na tofa. Da na ga bai motsa ba sai zuciya ta ɗebe ni, na tsuguna na kawo fuskata dab da idon nan, na yi wa mai shi magana kai tsaye. Abin da na faɗa za ku ji shi a gaba. Kowa ma ya ji shi.

Haka na yi ta zuwa kullum da sassafe. Wata rana na zo da toka na zagaye bishiyar. Wata rana na zo da garwashi a kasko na zuba barkono, iska ta juyo da hayaƙin kaina, na yi ta tari ina hawaye. Wata rana na cire takalmin hagu na yi ta yi masa barazana da shi. Abin bai ce mini komai ba, tumatir kuma bai daina mutuwa ba. Daga ƙarshe na tuna abin da kakata ta taɓa faɗa, cewa babu asirin da ke jure fitsari. To, na yi abin da kakata ta ce. Ba sai na yi bayani ba.

Washegari na je, babu shi. Igiyar ma babu. Wallahi sai da na ji bayana ya saki. Na kalli lambun Sale na yi murmushi na ce, ka zo cikin dare ka kwashe kayanka ko? Ranar ce kuma ranar darasin Ummi, don malamin kwaleji ya aiko cewa ya matso da zuwansa. Na koma gida na yi wanka, na sa babbar rigata ta Juma'a, na kafa hula, na tafi a matsayin uban malama kuma mutumin da ya karya sammu da kansa.

A bakin dam aka yi darasin, ƙarƙashin mangwarorin da ke kan tudu, don nan ne sabis ya fi ƙarfi. Hedimasta ya aro babban talabijin na gidan kallon ƙwallo, da ɗan janareta da aka ja can nesa saboda ƙara. 'Yan aji shida suna kan tabarmi. An gayyaci iyaye da mu masu lambu, muna kan benci a baya. Mai unguwa ya zo, liman ya zo. Malamin kwaleji, wani siriri mai tabarau wanda bai yi kama da mai yawan dariya ba, yana kan kujerar roba a gefe. Sale ya zo ya zauna kusa da ni.

"Bawana, wannan riga fa? Ko tumatirin ya rasu ne za a yi jana'iza?"

"Ya kusa warkewa," na ce masa. "An gano cutar." Na kalle shi cikin ido. Bai ko ƙifta ba. Na ce a raina, kai, wannan mutum ya iya.

Sai a nan na fahimci darasin. Ummi ta haɗu ta waya da wata malama a can kudu, inda ƙasa ta ƙare teku ya fara, suka shirya ajinsu su nuna wa juna bakin ruwansu. Aka kira su, sai ga su a talabijin, yara kamar namu, suna tsaye a cikin laka suna ɗaga mana hannu. Turanci suke yi, Ummi tana fassarawa. Suka nuna mana wasu bishiyoyi masu saiwa a waje, tsaye a cikin ruwan gishiri kamar masu tattare wando. Suka nuna ƙaguwa tana gudu a karkace tana faɗawa rami. Suka ce ruwansu kullum sai ya cika ya janye da kansa, ba damina ba rani. Mai unguwa ya ce, "Ikon Allah. Da mu ne da mun shuka albasa kafin ya dawo." Har ni na ji daɗin abin. Ina kallon Ummi tana magana da mutanen bakin teku kamar a tsakar gidanmu, ƙirjina ya cika.

Sai ta ce, "Yanzu saura namu."

Ta buɗe jakarta ta ɗaga wani abu sama don kowa ya gani. Ɗan akwati, bai fi tafin hannuna ba, da ido baƙi mai sheƙi a tsakiya.

"Wannan kyamara ce," in ji ta. "In abu ya motsa a gabanta sai ta ɗauka da kanta, hoto da murya. Na naɗe ta da tsumma saboda rana, na ɗaure ta a lambun Babana don ta ɗauko mana tsuntsayen bakin dam. Yau da asuba na kwanto ta, ni ma ban ga abin da ke ciki ba, tare za mu gani. Kada ku taɓa ta, ina jin wani kare ya yi mata fitsari."

Yara suka yi dariya. Ni kuwa na shiga neman hanyar gudu. Na duba hagu, liman. Na duba dama, Sale. Bayana ruwa ne. Na yi tunanin ruwan da gaske.

Ta haɗa kyamarar da wata kwamfuta, aka juya wayar ta fuskanci talabijin don 'yan bakin teku su gani. Na farko, ciyawa ce iska ke kaɗawa. Na biyu, hancin akuya. Na uku, sai ga ƙafafu a cikin takalmin roba da na sani. Ƙafafun suka lanƙwashe, sai ga fuska ta cika talabijin ɗin nan da ake kallon ƙwallo a ciki. Ban taɓa sanin ramukan hancina sun kai haka girma ba. Sai muryata ta fito, tas, ko injin Sale bai kai ta ƙara ba.

"Sale, na gan ka. Kai mai kai kamar tulun da aka kife. Tun muna yara kai ɓarawon gwaiba ne. Kai ne mai minshari a sahun gaba ranar Juma'a ana huɗuba, ka farka ka fi kowa ƙarfin amin. Ni za ka ɗaure wa tumatir? To na fi ƙarfinka, na fi ƙarfin bokanka." Sannan na yi tofi, ya rufe rabin hoton.

Ummi ta tsayar da shi. Liman ya sunkuyar da kai yana gyara carbi, kafaɗunsa na rawa. Daga can bakin teku kuwa wata 'yar murya ta yi tambaya da Turanci, ba wanda ya amsa mata.

Malamin kwaleji ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce, "Malama, ina tsuntsayen?"

Ta sunkuya kan kwamfutar tana dubawa da sauri. Na ga ta tsaya, ta koma baya, ta sake dubawa. Sannan ta taso, ta ratsa yaran, ta zo ta durƙusa a gabana kamar yadda take yi a zaure. A hankali ta yi magana, amma Sale na ji.

"Baba, tsuntsayen suna nesa, ba sa tayar da kyamarar. Sai in ka zo take kamawa. Duk inda akwai tsuntsu, a bayanka yake." Ta waiwayi malamin kwaleji. "In na kashe, ba ni da darasi. Amma in ka ce a kashe, zan kashe."

Na dube ta. Idonta ya kawo ruwa, kuma na san da gaske take, kashewa za ta yi ta maimaita shekarar ba ta ce mini komai ba. Halin wadda aka sa mata sunanta ke nan. Na duba mutumin tabarau, ya riga ya ɗora biro a kan takarda.

Na ce, "Je ki ci gaba, Ummi. Amma ki cire maganar."

"A'a, a bar maganar," in ji Sale da ƙarfi. "Ban gama jin halina ba."

Nan wurin ya fashe. Mai unguwa har hularsa ta faɗi. Ummi ta koma gaba, ta cire muryar, ta share ido da gefen hijabi, ta tafa hannu sau ɗaya. Yaran suka yi shiru. Ta ce, "Wannan Babana ne, kun san shi. Yanzu kowa ya dubi bayan Baba. Wa zai gaya mini abin da ke bayan kafaɗarsa ta hagu?"

"Balbela," in ji wata yarinya.

"Me take ci a wurin?"

Haka aka yi darasin. Ina zagaye bishiya da toka, a bayana kirinjijiya, agwagin dajin nan, suna sauka kan ruwa. Ina tari cikin hayaƙin barkono, a bayana guza yana fita daga cikin ciyawar kacalla ya tsallaka abinsa. Ina kaɗa takalmin hagu, a bayana gauraka na tattaki kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ummi tana nunawa da sanda, sandar tana wucewa ta gefen kunnena. Tana tambaya me ya sa tsuntsayen suka fi son inda ruwa bai da zurfi, me zai faru da su in aka wanke tankin feshi a wurin, ina kamar wannan da lakar da 'yan bakin teku suka nuna. Yara suna ɗaga hannu suna rige-rige. Abin da ya fi ba ni mamaki, bayan ɗan lokaci sun daina ganina. Ni kaɗai nake ganin kaina, sai Sale, wanda ke zungura ta da gwiwar hannu yana cewa, "Wannan na barkonon wa ya koya maka? Ka ba ni sunansa in kai ƙara."

Ni dai addu'ata ɗaya, batirin abin ya ƙare kafin ranar kakata. Bai ƙare ba.

Sai ga ni na shigo hoton ina waige-waige. Na duba gabas, na duba yamma. Na tsuguna. Hannuna ya nufi mazagin wando. Ban taɓa ganin Ummi ta yi tsalle irin na ranar ba, ta dira kan kwamfutar ta tsayar da shi. Allah ya yi mata albarka, a kan gaɓa ta tsayar. Amma inda ya tsaya ɗin, ga ni a tsugune na haɗe gira kamar mai shirin dambe, a bayana kuma ga zalɓe ya ɗaga kai da kifi a baki, rana ta haske shi. Hoton da ya fi kowanne kyau ke nan. Don haka a kansa aka ƙarasa darasin, har tambayoyi.

Wani yaro a tabarma ya ce, "Malama, ashe ba kare ba ne." Hedimasta ya ce ya fita, sannan shi ma ya bi shi a baya yana toshe baki.

'Yar muryar nan ta bakin teku ta sake tambayarta. Ummi ta fassara: wai wane ne mutumin, kuma me yake yi? Ta amsa musu da Turanci, sannan ta faɗa mana da Hausa abin da ta ce: "Manomi ne, yana tsaron lambunsa da abin da ya sani." Malamar can ta yi dariya ta yi wata doguwar magana. Wai su ma kyamarar farko da suka ɗaura, wani tsohon masunci ya gan ta a jikin bishiya, ya sa sanda ya tsinke ta ya jefa a ruwa, ya hana jikokinsa bi ta wurin. Na ji sanyi kaɗan. Ashe ina da ɗan'uwa a bakin teku. In da rabo wata rana mu gaisa.

Da aka tashi na so in sulale, malamin kwaleji ya tare ni. Ya miƙo hannu biyu. Ya ce, "Baba, 'yarka malama ce. Wadda ta riƙe aji bayan wannan, babu ajin da zai gagare ta. Ta ci." Sai ya matso ya rage murya. "Amma tumatirin, a gwada feshi."

A gida mai ɗakina ta riga ta ji, don labarin ya riga ni isowa. Ta ajiye mini tuwo, ta shiga ɗaki, na ji gado yana girgiza. Ummi ta zo ta durƙusa ta ce in yafe mata. Na ce me kika yi? Ta ce, "Na gaya maka fa, Baba. Har na ce a gindin bagaruwa. Ka ce Allah ya yi albarka." Na ce ai ya yi.

Yanzu yaran gari Baba Zalɓe suke ce mini, kuma ina amsawa. Abin da na koya bai da yawa. In ɗanka ya durƙusa yana maka magana, ka kashe rediyo. In kuma ka ga abu ɗaure a bishiya yana da ido, ka ɗauka gani yake yi.

Washegari da sassafe na ciko kwando da albasa, ita ce ta tsira, na kai gidan Sale. Ya fito yana sakace, ya kalli kwandon, ya kalle ni. Na ce na zo ne a kan maganar boka. Ya ce, "Ta boka na yafe. Ta gwaiba gaskiya ce. Ta tulu ce ba zan yafe ba sai na ga an nuna kanka a talabijin ba hula." Ya shiga ciki ya fito da tankin feshinsa ya rataya mini a baya, ya ce bokansa ke nan, in dawo masa da shi a wanke, kuma ba a bakin ruwa ba, malama ta hana.

Na gangara lambu. Ummi ta riga ta mayar da abin gindin bagaruwa, ta ɗan juya shi wajen ruwa, wai yaran suna son ƙari. Na tsaya daga nesa, na gyara hulata, na yi masa sallama. Sannan na zagaya ta bayansa na kama aikina.